Laifin Ƙarfe Ne

Litinin, bayan tashi aiki

Zobe na farko ya lalace. A nan zan rubuta, don in na faɗa a gida za a tsare ni da ido, ni kuwa na gaji da idanu.

Zobba biyar aka sauke mana makon jiya, na wani babban famfon ruwa. Biyu ake buƙata da gaggawa, ukun na ajiya ne. Faɗin kowanne ya isa mutum ya shiga ciki ya zauna ya harɗe ƙafa, amma in an gama sassaƙe shi, kaurin bangonsa bai kai ɗan ƙaramin yatsana ba. Irin wannan aikin Giwa kaɗai ke iya shi, wato babban injin nan na tsaye da ke ƙuryar shago, mai faifai a kwance. Ka ɗora ƙarfe a kan faifan da ƙugiya, ka matse shi da haƙoranta huɗu, faifai ya yi ta juyawa, wuƙa ta sauko daga sama tana ci. Giwa kuwa ni kaɗai ke tuƙa ta tun manajan nan namu yana zuwa makaranta da gajeren wando.

Sirrin aikin ba a yanka yake ba, a matsewa yake. Ka matse da ƙarfi, zoben ya lotsa ba ka gani ba. Ka yanke shi ya yi da'ira sumul a kan faifai, kana sakin haƙora ya miƙe yadda ya ga dama, ya fito da kusurwa huɗu. Ka matse sako-sako, ya zame ya karya wuƙa, ko ya karya mutum. Tsakanin biyun nan akwai wani wuri siriri, kuma babu agogon awon da zai nuna maka shi. Tafin hannu ne ke jin sa a jikin mabuɗin da ake murɗa haƙoran da shi. Ba a banza ake ce mini Ma'auni ba.

To yau na saki haƙora, mai awo ta zo da kayanta, ta zagaya zoben, ta sake zagayawa, sannan ta ce, "Baba Ma'auni, allurar agogo tana rawa fa." Na ce ta duba agogonta. Ta ce ta duba. Kusurwa huɗu, daidai inda haƙora suka kama.

Laifin ƙarfe ne. Masu zubin ƙarfe sun fitar da shi bai gama hucewa ba, taurin kai na nan kwance a cikinsa. Na sha ganin irinsa.

Talata, da safe

Kofin shayi ya faɗi. Mariƙinsa ne ke da santsi, na sha gaya wa mai ɗakina ta daina sayen irinsu. Ta share ta kawo mini wani, kuma hakan ya fi faɗa ci mini rai.

Talata, da yamma

Manaja ya zo ya tsaya a bayana, hannu a aljihu. Mutumin kirki ne, ban ce ba, amma shi komai sai ya ga lamba.

"Baba, sifanar nan da na sayo bara, mai yin ƙas in ta kai ma'auni, har yanzu tana cikin kwalinta."

"To ka bar ta ta huta."

"Ko za a gwada ta a zobe na biyu?"

Na ce masa haƙoran Giwa kowanne da halinsa. Mai jan fenti zarensa ya cinye, kana taɓa shi ya tafi. Wanda ke kallonsa kuwa sai ka lallaɓa shi kamar tsohon da ake ba magani. Sifanarsa za ta yi ƙas iri ɗaya a kan duka huɗun, alhali ɗaya ya ciji zoben, ɗaya ko gaisawa ba su yi ba. Ya san gaskiya na faɗa, ya sosa ƙeya ya wuce.

Auta yana can kan ƙaramin injinsa yana yi kamar ba ya ji. Ƙanena ne, ciki ɗaya. Ni na kawo shi shagon nan, ni na koya masa riƙon mabuɗi. Yanzu har da furfura a gemu, amma hannun na nan yadda na san shi, hannun mahauci. Ga shi bahago. Shi ya sa ban taɓa bari ya ɗaura ko murfin tukunya a kan Giwa ba.

Laraba, da rana

Na yi wa zobe na biyu yankan farko, na sauke shi a inuwa ya huta. Ni ma da za a bar ni in huta.

Alhamis, bayan tashi aiki

Na biyu ma.

Na bi komai yadda ake bi. Na mayar da shi kan faifai, na sassauta haƙora, na sake kama shi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ina zagayawa. Na sa sabuwar wuƙa. Na buɗe ruwan sanyaya sosai don kada zafi ya kumbura shi. Na cusa tsohuwar robar taya a cikinsa don kada ya yi kuka. Ko sau ɗaya bai yi kuka ba, ya fito yana ƙyalli, mutum zai iya duba fuskarsa a jiki. Ina sakin haƙora na san an yi asara, don da idona na ga ya motsa, kamar mai ajiyar zuciya.

Mai awo ba ta ma gama zagayawa ba ta tsaya. Na ɗauka allura za ta nuna mini, sai ta ce, "Baba, jini."

A jikin zoben, har a kan mabuɗi. Ɓarɓashin ƙarfe ne ya yanke ni a yatsa, yanka mai zurfi kuwa. Ta tambaye ni yaushe. Na ce ɗazu. Ta ce, "Ba ka ji ba ne?" Na ce mai aiki ba ya jin irin wannan, ta kula da agogonta. Ta kawo filasta ta naɗe mini, tana yi tana kallon wani wuri.

Laifin ƙarfe ne. Ko kuma faifan ya fara karkata, ya kamata a kira masu gyara su duba. Ko zafin shagon nan, tun yaushe nake cewa fankar sama ta mutu.

Juma'a, da hantsi

Manaja ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, har da rufe ƙofa. In manaja ya rufe ƙofa ka san ba gaisuwa ba ce.

Ya ce ya buga wa masu zubi waya, ba za su sake zuba irin zobban nan ba sai bayan watanni. Ukun da suka rage su ne kawai, kuma dole biyu su fito. Sannan ya shiga kewaye-kewaye. Wai mai kula da ɗakin kayan aiki zai ajiye aiki ƙarshen wata, wai ana neman dattijo wanda ya san kowace wuƙa da sunanta.

"Ba kora ba ce, Baba, wallahi ba kora ba ce. Hutu ne."

Na san ɗakin. Taga ce ƙarama da kujera, ka zauna kana miƙo wa mutane sifana kana karɓa, Giwa tana juyawa a can ƙurya kana jin ta a tafin ƙafa. Na ce masa in zobban nan biyu ba su fito ba, da kaina zan ɗauki kujerar. In sun fito kuwa, kada a sake yi mini zancen taga. Ya ce ya yarda. Sauƙin yardar tasa ma ya ba ni haushi.

Asabar, da safe

Ina sa riga mai ɗakina ta shigo. Maɓallan rigar nan ƙanana ne, duk telolin yanzu haka suke yi. Ta miƙo hannu, na juya mata baya.

"Baban yara, likita ta ce ka koma fa. Mako nawa ke nan?"

"In na gama zobba."

"Zobban za su jira. Wannan ba zai jira ba."

"Wanne?"

Ta kau da kai. Ta san ba na son wancan zancen a gidan nan. Na cire rigar na sa mai zif.

Lahadi, bayan la'asar

Auta ya zo gaisuwa. Tun yaushe Auta ya fara zuwa gaisuwa ranar hutu, shi da muke wuni tare? Sun daɗe a madafa shi da mai ɗakina, murya ƙasa-ƙasa, ina tari suka yi tsit. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana ta tambayar yara ɗaya bayan ɗaya, har wadda ya gani da idonsa a tsakar gida. Ina tsammanin matsa mini yatsu yake yi. Na ce ina tsammani, don farcensa kawai na ga ya yi fari.

Litinin, da yamma

Yankan farko na zobe na uku. Zan bar shi ya kwana a kan faifai, haƙora a sake. Ban yi magana da kowa ba, kowa ma ya kama kansa.

Talata, bayan tashi aiki

Ya fito! Ya fito sumul!

Bari in rubuta yadda na yi don kada in manta. Na kama shi kafin hutun rana, na daidaita, na bar shi haka na tafi cin abinci. Da na dawo na yi yankan ƙarshe, siriri, kamar mai feƙe fensir. Na saki haƙora, ko gezau bai yi ba. Mai awo ta zagaya, allura ta tsaya cak kamar an manna ta. Har tafi ta yi, ta ce, "Ma'auni ya dawo!" Na ce ina ya je da zai dawo?

Ashe hutu kawai ƙarfen ke so, a kama shi a ba shi lokaci ya saba da haƙora. Ban faɗa ba? Laifin ƙarfe ne tun farko. Manaja ya zo yana washe baki, na ce masa ya fara neman wani dattijon don tagarsa.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Wani ya taɓa mini mabuɗi lokacin hutu. Kullum mariƙinsa dama nake ajiye shi, na dawo na tarar yana kallon hagu. Masu sharar nan ba sa jin magana.

Laraba, da safe

Na gaya wa mai ɗakina da daɗina. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da ninke kaya. Mutum ya kawo labari mai daɗi a karɓe shi kamar an ce ruwa ya ɗauke.

Alhamis, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Hannuna ma ba ya son biron nan.

Zobe na huɗu. Na yi kamar shekaranjiya, na kama shi kafin hutu, na tafi cin abinci. Murfin kular abincin ya ƙi buɗuwa, mai ɗakina ta ɗaure shi da yawa kamar kullum. Ban so in miƙa wa kowa a gaban jama'a ba, sai na ce bari in koma shago in sa shi a matsin ƙarfe na kan teburi in murɗe.

Shago shiru, duk injuna a kashe. Auta na tsaye a gaban Giwa, mabuɗina a hannunsa na hagu. Idonsa a rufe. Ya sassauta mai jan fenti, ya dawo da shi a hankali da yatsu biyu, ya tsaya, ya ɗan ƙara, ya juya faifai da hannu ya kama na gaba. Yadda na koya masa, har karkatar da kan. Na ajiye kula na taho.

"Me kake yi a injina?"

Ya firgita har mabuɗin ya bugi faifai. "Yaya, ba komai, dubawa kawai nake."

"Shekaranjiya ma dubawa ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. Na yi masa wankin babban bargo, ban rage komai ba. Na ce masa munafuki, na ce injina yake nema, na ce shi da manaja da matata sun haɗa baki. Ya bari sai da na gaji, sannan ya ce, "Yaya, ka matse shi kamar kana ɗaura tayar mota. Mai jan fenti sai da na sa hannu biyu kafin ya motsa. Ni ba injinka nake so ba, kar ka zauna a tagar nan nake so."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na fizge mabuɗin, na kwance haƙoran duka huɗu a gabansa, na ce ya tsaya ya ga yadda ake yi. Tunda an ce na cika matsewa, sai na yi sannu. Na murɗa ina jiran wurin nan da mabuɗi ke yi wa tafin hannu magana. Na jira. Na ce ai ya kai, na bari.

Ya ce, "Yaya, bai kama ba."

Na ce ya koma kan injinsa. Bai koma ba, ya je ya tsaya kusa da jan maɓallin kashewa.

Zagaye kaɗan wuƙa ta yi. Sai wata ƙara da ban taɓa jin Giwa ta yi ba, zoben ya zame ya hau kan haƙori, wuƙa ta tarwatse. Auta ya doki maɓallin. Da faifai ya tsaya na juyo, yana riƙe da goshi, jini na bin tsakanin yatsunsa har gemu. Guntun wuƙar ne, saman gira. Da ya sauko kaɗan, da ido ne.

Abin da ya fara cewa, "Yaya, bai same ka ba ko?"

Juma'a, da safe

Ban je shago ba, ban je wurin Auta ba.

Juma'a, da yamma

An yi wa Auta ɗinki. Mai ɗakina ce ta je ta gani, ta dawo ta ajiye mini abinci, ta ce yana gaishe ni. Yana gaishe ni! Mutumin nan so yake ya kashe ni da haƙuri.

Wuƙar ma dai ba mai kyau ba ce, irin masu arhar nan ne. Zan gaya wa manaja.

Asabar, da rana

Babu kowa a ɗaki, na rufe ƙofa. Na zuba mabuɗin gida da maɓallin riga da ƙaramin noti a aljihu, na rufe ido, na sa hannu na ce in ciro notin. Na ciro maɓalli. Na sake, na ciro maɓalli. Na uku ban ciro komai ba, alhali na rantse akwai abu tsakanin yatsuna.

Aljihun wandon nan ya yi zurfi da yawa.

Lahadi, bayan la'asar

Na je gidan Auta. Matarsa ta gaishe ni da ladabi har ƙasa, amma ba ta kalle ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Yana zaune a tsakar gida da farin bandeji, ido ɗaya a kumbure, yana gyara wa 'yarsa keke.

Na zauna. Mun yi zancen fankar shago da ta mutu. Mun yi zancen sarƙar keken. Na zo da magana a bakina tun daga gida, ta ƙi fita.

Can ya ce, "Yaya, ka tuna lokacin da Baba ya fara kiranmu mu zura masa zare a allura? Ya ce hasken shagon ne ba shi da kyau, alhali yatsunsa ne."

Na ce ya bar wannan zancen.

"Shi bai je an duba shi da wuri ba. Kai kuwa..."

Na ce ya bar shi, na miƙe. Ya rako ni har bakin titi, hannunsa duk baƙin mai. Da za mu rabu ya ce manaja ya tambaye shi abin da ya faru, ya ce masa wuƙa ce ta karye. Wai bai ƙara komai ba.

Duk hanya ina jin haushinsa, kuma na rasa na mene ne. Baba tela ne, ni ba tela ba ne.

Litinin, bayan tashi aiki

Saura zobe ɗaya, kuma dole ya fito. Na yi masa yankan farko. Wannan ba ya buƙatar dabara, bangon na da kauri tukuna, ka matse iya ƙarfinka. Wannan kam na iya.

Kowa a shago ya zama mai ladabi. Ina wucewa ana sannu Baba, sannu Baba, kamar wanda ya dawo daga jinya. Mai awo ta kawo mini ruwa ban tambaya ba. Auta ya dawo da filasta a gira, bai zo kusa da Giwa ba, ko kallon ɓangaren bai yi ba.

Gobe ne. Na yi ta juya shi a raina, in ƙara kaɗan a kan na ranar Alhamis, in rage kaɗan a kan na farko. To nawa ne kaɗan? Da can ban taɓa tambayar kaina ba.

Talata, bayan tashi aiki

Na goge faifai. Na sa sabuwar wuƙa, mai kyau, da kaina na zaɓo. Na sassauta haƙora, na sa mabuɗi a kan mai jan fenti, na rufe ido.

Babu komai. Kamar na riƙe mabuɗin da safar hannu biyu. Ina jin nauyinsa a kafaɗa, ina jin ƙarar zaren a kunne, amma wurin nan siriri da na yi rayuwata ina samu, babu shi. Na buɗe ido. Duk shagon kowa na aikinsa, kuma babu wanda injinsa ke cin ƙarfe. Na dubi jan maɓallin, har yanzu akwai ɗigon jini a ƙasansa da masu shara ba su gani ba.

Na ce, "Auta."

Ya kashe injinsa tun kafin in rufe baki.

"Zo nan, hannun mahauci."

Ya zo yana goge hannu a riga. Na miƙa masa mabuɗin a gaban kowa. Bai karɓa nan da nan ba, ya dube ni da idon nan mai kumburi.

"Yaya, in kana so a bari sai hutun rana..."

"Karɓi, kafin in fasa. Ka kula da mai jan fenti, yana da saurin fushi."

"Na sani, Yaya."

"Na san ka sani. Faɗa nake."

Ya rufe ido. Na tsaya ina kallon wuyan hannunsa. Wallahi ba hannun mahauci ba ne, kuma ban san tun yaushe ya daina zama ba. Yatsu biyu, ya tsaya, ya ƙara, ya wuce na gaba. Sau ɗaya na buɗe baki zan gyara masa, na ga babu abin gyarawa, na rufe. Da ya gama ya ja baya ya ce, "Bismilla, Yaya. Yankan naka ne."

Yankan kam nawa ne, kunnena bai tafi ko'ina ba. Da zoben ya fara shirin kuka a kusa da sama na ji shi tun kafin ya buɗe baki, na rage gudu, ya yi shiru. Auta ya saki haƙora. Mai awo ta zagaya a hankali, allura ba ta motsa ba. Wannan karon ba ta yi tafi ba, ta ce, "Ya yi."

Manaja ya taho da sauri, hannu a miƙe. "Baba Ma'auni! Biyu sun fito, magana ta ƙare, babu zancen taga."

Ga shi an ba ni abin da na nema, in yi shiru kawai. Auta ma ido yake yi mini in yi shiru. Na ce, "Ba ni na kama shi ba. Na ukun ma ba ni ba ne. Na huɗun ne nawa." Na nuna girar Auta.

Manaja ya rasa inda zai sa hannunsa, ya mayar aljihu. Ya ce to, za a zauna a yi magana, wataƙila a haɗa mu biyu a kan Giwa, wataƙila. Na ce a zauna ɗin. Ban sa rai ba, ban kuma cire ba.

Da aka tashi na goge mabuɗin da tsumma na ajiye a wurinsa. Har na kai ƙofa na dawo, na juya mariƙin ya kalli hagu.

Ina jin haushi. Ina jin haushin kowa, na manaja, na mai awo da ruwanta, na Auta da haƙurinsa, na Giwa da ta karɓi hannun wani ba ta ko yi gardama ba.

Laraba, da safe

Na ɗauko rigar nan mai ƙananan maɓallai. Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta da katin asibiti. Na yi fama da na farko, na yi fama, sannan na saki hannuwana na ce, "To zo mana, tsayuwar me kike yi?"

Ta ɓalla mini su tun daga ƙasa har wuya. Na ce na saman ya matse. Ta ce haka yake tun da aka ɗinka.

Auta ya aiko cewa motar masu famfo ta zo ta ɗauki zobban. Ƙarfen dai lafiyarsa ƙalau.